KU TAMBAYI ANTI: Feshin rina fata, wa zai iya yi, wa ya kamata ya haƙura?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo akan abu ɗaya ne, wato feshin nan na tan da kuke gani a TikTok da Instagram, wanda mutum zai tsaya cikin ɗan ɗaki ko tanti a bishi da bindigar feshi tun daga goshi har yatsun ƙafa, bayan 'yan awanni fatarshi ta ƙara duhu tana sheƙi kamar ya sha rana. Wasu saƙonnin na haɗasu waje ɗaya saboda tambayar iri ɗaya ce, dan haka wadda bata ga nata ba ta duba da kyau, amsarta tana ciki.

TAMBAYA: Slm Anti, dafatan kina lafiya. Ni ina aiki ne a shagon gyaran jiki, toh uwar ɗakina ta siyo injin feshin nan tace ni zan dinga riƙewa, ranar da muka fara gwadawa har dare inajin ɗanɗanon abun a maƙogwarona kuma da na fyace hanci sai naga kala ruwan ƙasa a jikin tishu, nayi mata magana tace wai ba komai bane ai daga rake akeyinshi. Dan Allah gaskiya ne? Daga ƙanwarki mai neman na kanta.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'a albarka. Uwar ɗakinki batayi ƙarya ba akan maganar rake, sinadarin da yake aikin ana ce mishi DHA kuma dangin suga ne, ana samoshi daga rake da makamantansu. Amma kasancewar abu daga tsiro ya fito ba shi ke nufin huhu zai karɓeshi ba, nan ne maganarta ta gaza.

Bari kiji yadda yake aiki tukun. Saman fatarmu akwai matattun ƙwayoyi da kullum suke zubewa sababbi su maye gurbinsu, toh DHA idan ya taɓa waɗannan matattun sai ya haɗu da furotin ɗin cikinsu ya rikiɗe zuwa ruwan ƙasa, kusan irin yadda lalle yake kama tafin hannu. Baya taɓa asalin launin da Allah ya halicci mutum dashi, shiyasa kala take fara fitowa bayan awa 2 zuwa 4, ta cigaba da nuna har kwana ɗaya ko fiye, sannan cikin sati ɗaya zuwa kwana 10 ta bi matacciyar fata ta tafi. Wata mai bincike Eva Wittgenstein ce ta lura da haka a Jami'ar Cincinnati ta Amurka cikin shekarun 1950, tana bawa wasu yara marasa lafiya sinadarin ta baki, sai taga duk inda ya zuba musu a jiki wajen yana yin duhu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tun shekarun 1970 ta yarda ayi amfani da DHA amma a bayan fata kaɗai, ta cire leɓe, ta cire kewayen ido, ta cire cikin hanci da duk wata tsoka mai danshi, kuma ta faɗa ƙarara cewa masu sana'ar basu kawo mata bayanan da zasu nuna shaƙarshi ba matsala ba. Idan mutum da hannu ya shafa mai zai iya kaucewa waɗannan wuraren, amma feshi hazo ne, baya tambayar ina zai shiga. A 2012 gidan talabijin na ABC a Amurka ya tara likitoci suka duba binciken da akayi akan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, suka nuna damuwa sosai akan shaƙarshi. A ɗaya ɓangaren kuma, dan ayi adalci, kwamitin masana na Tarayyar Turai ya duba a 2010 yace abunda kwastoma yake shaƙa a ɗakin feshi bai kai ya cutar dashi ba, daga baya a 2021 suka sa doka kada DHA ya wuce kashi 10 cikin ɗari a kayan rina fata. Toh amma ki lura, kwastoma akace, wadda zata tsaya 'yan mintuna ta tafi sai kuma wani watan. Ke kuma wuni zakiyi a ciki kullum, lissafinku ba ɗaya bane ko kusa.

Wannan kalar da kika gani a tishu ba DHA ɗin bane dan shi bashi da kala, wani rini ne ake ƙarawa a ruwan dan mai feshi taga inda ta wuce, amma tunda shi ya shiga hancinki toh tare suka shiga. Ki zauna da uwar ɗakinki cikin ladabi ki faɗa mata ana buƙatar fanka mai zuƙe iska da matacinta a bayan tantin, ba fankar da zata dinga juya hazon cikin ɗaki ba, ke kuma takunkumi mai kama fuska irin N95, tabarau da safar hannu. Kwastoma a bata abun toshe hanci, a rufe mata ido, ta shafa basilin a leɓe, ta sa ɗan kamfai na yarwa. Idan tace tsada, ki tuna mata kuɗin asibiti. Idan kuma tari ko shaƙewar ƙirji ya fara miki toh ki ajiye bindigar nan kije a duba ki, aiki baya fin numfashi.

TAMBAYA: Anti inada asma tun ina yarinya amma ta lafa, na fi shekara ban taɓa inhela ba. Ƙawayena zasu je suyi kafin wani taro kuma inaso na bisu, zan iya?

AMSA: Ni dai da zaki ji tawa ki haƙura da na feshin. Asma lafawa takeyi ba tafiya ba, kuma abubuwan da suke tayar da ita sune dai waɗanda suke cikin ɗakin nan, ƙananan ɗigo masu yawo a iska, turare mai ƙarfi, sinadarin alkohol, ga waje a rufe. Musamman irin ɗakin da inji ne yake feshin da kanshi ba mutum ba, ƙofa a rufe a ce miki ki riƙe numfashi, toh idan ƙirji ya kama a nan fa kafin ki fito kin sha wuya. Haka duk mai ciwon huhu na dindindin, ko wanda bai gama warkewa daga mura mai tsanani ko nimoniya ba. Ki nemi na shafawa, akwai mai akwai kumfa, sinadarin ɗaya ne kalar ma ɗaya ce, ki sa safar hannu ki shafa a ɗaki mai iska. Zaki je taron da kalarki kamar kowa.

TAMBAYA: Ina ɗauke da ciki wata huɗu Anti, kuma fuskata tayi wani dabbare-dabbare, kumatu da goshi sunyi duhu. Nace ko idan nayi feshin kalar zata daidaita? Yana taɓa jariri? Sannan yayata tana shayarwa itama tace na tambayar mata.

AMSA: Allah ya raba lafiya 'yar'uwa. Shawarar hukumar lafiya ta Ingila, NHS, itace man shafawa mai DHA galibi ba laifi ga mai ciki saboda a saman fata yake tsayawa, amma na feshi gara a barshi saboda maganar shaƙa. Shagunan da suka san aikinsu ma da yawa basa karɓar mai ciki a watanni ukun farko, wasu kuma sai da takardar likita. Ga kuma warin, dan yanada wani wari da yake tashi lokacin da kalar take nuna, mai laulayi ba lallai ta jure ba.

Sai dai ni abunda ya fi damuna shine dalilinki. Wannan duhun na kumatu da goshi sananne ne ga masu ciki, canjin sinadaran jiki ne yake kawoshi rana kuma ta ƙara mishi ƙarfi, kuma ga mata da yawa yana dusashewa bayan haihuwa. Feshi bazai ɓoyeshi ba dan inda yake da duhu ma ƙara duhu zaiyi, bambancin yana nan. Abunda zai taimakeki shine man kariya daga rana da neman inuwa. Kuma ki sani fatar mai ciki tana canza hali, man da kika shekara kina shafawa lafiya lau zai iya tayar miki da borin jini yanzu, dan haka ko na shafawar zakiyi ki fara ɗiga kaɗan a cikin hannunki ko bayan kunne ki jira awa 24 zuwa 48 kiga.

Yayarki kuma kada ya taɓa ƙirjinta gaba ɗaya, tunda nan bakin jariri da kumatunshi suke kwana, kuma kada ta rungumi yaron da jiki sai tayi wankan farko.

TAMBAYA: Anti dan Allah kada ki faɗi sunana. Na shekara biyar ina shafa man bilicin, yanzu na gaji wallahi inaso na koma kalata ta da, fuskata tayi ja jijiyoyi duk sun fito, yatsuna da gwiwa baƙiƙƙirin, cinyoyina duk nankarwa, abu kaɗan ya taɓani sai ciwo kuma baya warkewa da wuri. Wata tace nayi feshin tan zai mayar dani baƙa lokaci ɗaya na huta da kallon mutane. Ki bani shawara ina cikin damuwa.

AMSA: Ƙanwata saƙonki ya taɓa min zuciya, kuma niyyar da kikayi ta dainawa ita ce babba, Allah ya dafa miki. Amma dan Allah kada kiyi feshin nan yanzu, ki saurareni.

Alamomin da kika lissafa, jan fuska, jijiyoyi a fili, nankarwa mai faɗi, ciwo baya warkewa, alamun fatar da sitiroyid, wato maganin kumburi mai ƙarfi, ya cinye ne, irin su kilobetasol da ake zubawa cikin mayukan nan wani lokacin ma ba'a rubutawa a jikin kwalba. Fatarki tayi siriri, katangar da take tare abubuwa daga shiga jiki ta raunana. Shi kuma DHA sharaɗinshi kenan, lafiyayyar fata wadda bata fashe ba. Ruwan feshin ba DHA kaɗai bane a ciki, akwai turare, akwai sinadaran hana lalacewa, akwai rini, wasu ma harda tsatson ɓawon gyaɗar turawa, kuma yawancin masu samun ƙaiƙayi da kumburi waɗannan ne suke jawo musu. A fata irin taki raɗaɗi ne zai fara, ƙuraje su biyo baya, idan suka warke su bar miki sabon tabo akan na da.

Ko ta fannin kyau ma bazai baki abunda kike so ba. Sinadarin ya fi kama inda matacciyar fata tayi kauri, wato gaɓoɓin yatsu, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, idon sawu, daidai wuraren da kike kuka dasu, sune zasu sha rinin fiye da ko'ina su ƙara baƙi, fuskar da ta kwaile kuma ta kama sama-sama tayi wani ja-ja kamar ruwan lemo. Bayan sati ya fara zubewa ɓangare-ɓangare. Kinga an gudu ba'a tsira ba.

Abu ɗaya da nakeso ki riƙe, kada ki yanke man nan rana ɗaya da kanki. Fatar da ta saba da sitiroyid shekara biyar idan aka cire mata kwatsam tana yin bore, zafi, ja, ƙuraje, har mutum ya kasa haƙuri ya koma. Ki je wajen likitan fata da kwalaben duka a jaka, ba kunya a ciki sun saba gani, shi zai tsara miki yadda zaki rage a hankali, ya duba ko akwai sinadarin bilicin ɗin nan haidirokwinon a ciki dan shi idan aka daɗe yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu mai wuyar fita, ya duba hawan jini da suga da ƙoda tunda wasu mayukan akwai makuri, wani sinadari mai guba. Launinki zai dawo da kanshi, watanni yake ɗauka, kuma a wannan tsakanin man kariya daga rana shine abokinki dan fatarki yanzu bata da garkuwa. Ki sake rubuto min bayan kinga likita, inaso naji yadda ake ciki.

Wannan amsar ta shafi duk mai egzima ko soriyasis da ta tashi, mai ƙurajen fuska masu ruwa, mai ƙuna, mai sabon ɗinki, mai makero ko wani ciwon fata da yake yaɗuwa. A bari ya warke tukun.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne, inada cutar nan da take sa fata tayi fari-fari, bitiligo, a bayan hannuwana da gefen baki da kusa da ido ɗaya. Naji ance wannan abun yana rufewa.

AMSA: Ɗan'uwa ba ƙarya aka faɗa maka ba, kai kana cikin waɗanda sinadarin zai iya yiwa amfani na gaske, likitocin fata ma suna bada shawararshi, saboda baya buƙatar ƙwayoyin launi da cutar ta kashe, matacciyar fatar sama kawai yake rinawa, kuma baya gogewa a jikin riga kamar hoda. Amma ba feshin jiki duka ba, idan aka fesheka gaba ɗaya farin zaiyi duhu lafiyayyen ma yayi duhu. Na shafawa zaka samu ka dinga ɗiga shi da auduga akan farin kaɗai, ka fara da mara ƙarfi kana ƙarawa bayan kwana ɗaya har ya kusa da kalarka. Nace ya kusa ne dan idan kai baƙi ne sosai ba lallai ya kamo ba, yafi bada ruwan ƙasa mai haske, na hannu kuma yana saurin fita saboda wanki. Gefen baki ka tsaya nesa da leɓe, na kusa da ido kuma ka barshi, a nan hoda ta musamman da akeyi dan rufe tabo tafi. Idan ana maka magani ta hanyar haska fatar da fitila a asibiti ka faɗa musu kafin ka fara dan rinin yana iya tare hasken. Kuma ko ya rufe, wajen nan fari ne a ƙasa, rana tana ƙonashi cikin sauri.

TAMBAYA: Toh Anti tunda fata tayi duhu ai ba sai na shafa man rana ba ko? Kuma naga ana tallan wani na fesawa a hanci ance shi yafi daɗewa, ɗaya ne da wannan?

AMSA: A'a, sam. Duhun rini ba duhun halitta bane, kariyar da yake bayarwa a ma'aunin kariya daga rana da ake cewa SPF bata wuce 3 ba kuma ko ita cikin 'yan kwanaki ta tafi tun kalar tana nan, alhali likitocin fata 30 ko sama suke cewa a shafa. Masu hasken fata da yawa a nan suke ƙonewa, suna kallon jikinsu da duhu sai su saki jiki a rana. Wani bincike da akayi a Balin ta Jamus ma ya nuna a cikin awa 24 na farko bayan shafa DHA mai ƙarfi rana tafi yiwa fata illa, dan haka ranar farko a nemi inuwa. Duk da haka idan aka ce a zaɓa tsakanin wannan da gadon nan mai fitilu da ake kwanciya a ciki dan fata tayi duhu, toh ba haɗi, shi gadon tun 2009 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sakashi a sahun farko na abubuwan da suke jawo kansa.

Na hancin kuwa ki gujeshi, dan Allah ki faɗawa duk wadda kika sani. Ba danginsu ɗaya ba, sunanshi Melanotan, akwai na allura akwai na hanci, shi cikin jini yake shiga ya tilastawa jiki ƙera launi. Ba ƙasar da ta bashi lasisin gyaran jiki, a Ingila sayar dashi ma laifi ne, Ostireliya itama ta sha gargaɗi akanshi, kuma tunda a ɓoye ake haɗashi ba wanda zai tabbatar miki abunda yake cikin kwalbar. Yana sa tashin zuciya da amai, jan fuska, hawan jini, tawadar Allah ta jiki ta ƙara baƙi sababbi su fito, maza kuma yana iya sa gaba ta miƙe taƙi kwanciya har sai an kai asibiti, kuma likitoci sun bada rahoton kansar fata a wasu masu amfani dashi. Haka ƙwayoyin haɗiya na duhunta fata masu sinadarin kantazantin, suna taruwa a cikin ido suna taɓa hanta.

TAMBAYA: Ana min cire gashi da leza duk wata, kuma ina shan maganin ƙuraje Roaccutane. Akwai matsala?

AMSA: Akwai, ta ɓangare biyu. Leza duhu take bi, da haka take gane gashi, idan fatarki tana ɗauke da rini sai ta ɗauki fatar a matsayin gashi ta ƙonaki, shiyasa ake cewa a bar aƙalla sati 2 sai kalar ta fita tas, kuma ki faɗawa mai yi miki gaskiya ko da kina ganin ta goge. Shi kuma maganin naki yana busar da fata ya sa ta saɓa, leɓe ya tsage, rinin bazai kwanta daidai ba kuma zaiyi miki raɗaɗi, ki bari ki gama shan maganin likitanki ya baki dama. Amma akwai abunda yafi wannan, yawancin likitoci basa son a haɗa wannan maganin da leza ko cire gashi da kaki tun farko saboda fata tana iya ɗayewa, toh ki tabbata wanda ya rubuta miki maganin ya san ana miki lezar, wadda take miki lezar ma ta san kina sha.

Masu aski ko cire gashi da kaki su bar awa 24 kafin feshi, in ba haka ba rinin yana taruwa a ramukan gashi yayi ɗigo-ɗigo baƙi. Wanda za'a yiwa tiyata ko gashi na maganin cutar kansa ya tambayi asibiti tukun dan suna buƙatar ganin ainihin kalar fata da alamun da suke zanawa. Wanda kuma yake da ranar ganin likitan fata dan a duba mishi wata tawada da ta canza, yaje da fatarshi yadda take, rinin yana canza kamannin tawadar a ƙarƙashin madubin likita, sai a ɗauki lafiyayya a matsayin mai matsala ko a tsallake wadda ya kamata a cire.